Tsohon da Ake Cire wa Robar Hanci

Kowace Asabar, ƙarfe goma saura kwata, Narelle takan cire wa uban mijinta robar hanci. Ba da faɗa take cirewa ba, da murmushinta take zuwa. Ta sunkuya ta zare siririn tiyon daga bayan kunnuwansa, ta naɗe shi a hannu, ta tura tukunyar iskar da ke taimaka masa numfashi ƙarƙashin teburin kanti inda ido ba zai kai ba. Daga nan ta ɓalla masa maɓallin falmaran, ta ɗora masa hula, ta ja da baya tana dubansa kamar mai duba kayan da ta jera.

"Yauwa, Athol. Kamar an ciro ka daga tsohon hoto. Awa biyu ce kawai, motar baƙin birnin Hobart na tashi ka koma kan iskarka."

Magana ma iska take ci, Athol Triffitt kuwa a shekara saba'in da tara ya koyi tattalin iska fiye da komai. Ya dafa bango ya fita ƙofar kanti, ya zauna a kan kututturen da aka ajiye masa, ya ɗauki guduma da cizal.

Babban Titin Ellesby duk na dutse ne, dutsen yashi mai launin zuma, kuma daga ramin bayan gari aka haƙo shi, ramin da Athol ya yi shekara arba'in da ɗaya a ciki. Yanzu an rufe ramin, ruwa ya cika shi. Abin da ya rage wa garin shi ne tsufansa, kuma shi ake sayar wa baƙi. Saboda haka kwamitin tarihi ya kafa doka: ranar da motocin baƙi ke zuwa, duk mai kanti a Babban Titi sai ya fito da shigar mutanen da. Ba waya, ba agogon hannu, ba komai na roba. Kowane kanti yana da abin jan ido. Na Glen Triffitt, ɗan Athol, da matarsa Narelle ya fi na kowa, don su tsohon mai sassaƙa gare su na gaske, mai rai, wanda zai sassaƙa maka sunanka a falalen dutse kana tsaye.

Ramin ne ya cinye masa huhu. Likita ya faɗa a gaban Glen, da baki ba da alama ba: iska dare da rana, kuma kada ya ƙara kusantar ƙurar dutse.

Da farko akwai bokiti. Duk wanda ya taɓa riƙe cizal a Ellesby ya san ba a saran wannan dutse a bushe, sai an jiƙa shi ƙurar ta kwanta. Athol yakan tsoma soso ya shafa, ya sara, ya sake shafawa. Amma wata Asabar ruwan ya gangara ya ɓata wa wata baƙuwa farin takalmi, Asabar ta gaba ya nemi bokiti ya rasa.

"Taɓo yake yi mana a ƙofa," in ji Narelle. "Kuma ka ga hoton da mutumin nan ya ɗauka wancan makon da dutsen ya bushe? Rana ta bugi ƙurar, ta yi kamar gwal a kanka. Ruwa kashe wannan yake yi."

"Ƙurar ce ke kashe..." Tari ya tsinke masa maganar.

"To ka gani, kana yawan magana ne. Sha shayi."

Me ya hana shi jefar da gudumar ya shige gida? Takarda ce. Tana manne a ƙofar firji da ɗan maganaɗisu mai siffar tuffa, takardar neman gurbi a gidan kula da tsofaffi can Hobart. Ba a cike ta ba, ba a kuma cire ta ba. Ba wanda ya taɓa ce masa ga abin da za a yi maka. Ranar da ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi ba zai fita ba, sai ya tarar an ɗan matso da takardar tsakiyar ƙofa, daidai idonsa, ga biro a gefe.

Gidan nan kuwa shi ya gina shi, a lungun bayan kanti. Kowane dutse da hannunsa ya gyara, marigayiya matarsa Beryl tana kwaɓa masa ƙasa. Daga tagar ɗakinsa yana hango bishiyar da aka binne ta a ƙarƙashi. Tsoron mutuwa bai kai masa tsoron a fitar da shi daga ɗakin nan ba.

"Ba wanda ke korarka, Baba," in ji Glen wata safiya, idonsa a kan burodin da yake shafa wa man shanu. Mutum ne mai shekara hamsin da ba ya iya duban mahaifinsa ido cikin ido. "Amma ka san mutanen gwamnati. In suka ga ba ka iya komai, su da kansu za su ce ba ka iya zaman gida. Muddin kana fita kana ɗan taɓa aiki, wa zai buɗe baki? Don kai muke yi."

"Don ni," Athol ya maimaita.

"Wallahi don kai. Zaman ɗaki ma ai shi ke kashe tsofaffi."

Ran Talata nas Desley ke zuwa duba shi. Tun daren Litinin Narelle take wanke falmaran ta ɓoye, ta sa shi ya goge ƙasan farcensa da buroshi. Desley ta maƙala masa ɗan abin awo a yatsa, ta dubi lambar, ta ɓata fuska.

"Ta sake sauka. Malam Triffitt, ka gaya mini gaskiya, ba ka taɓa dutse ko?"

"Ina zai taɓa!" Narelle ta riga shi. "Zama kawai yake a ƙofa yana gaisawa da mutane. Shi ke sa shi farin ciki."

"Shi na tambaya."

Athol ya dubi nas ɗin. Yarinyar kirki ce, kuma kirkinta ne abin tsoro, don duk abin da ya faɗa rubutawa za ta yi, rubutun kuma Hobart zai kai shi. A bayan kafaɗarta yana hango ƙofar firji.

"Ina ni ina dutse, 'yar nan," ya ce. Ya ji kunyar kansa har cikin ƙashi.

Awa biyun Asabar ta haifi ta Lahadi. Da sanyi ya wuce aka ƙaro motar baƙi ta Laraba, ita ma aka ɗora masa. Tun yana tafiya daga gida zuwa kanti da hutu ɗaya, ya koma biyu, ya koma sai Glen ya riƙo shi. Baƙi ba su ga komai ba. Su dai sun ga farin gemu da hannu mai jijiya, suna sunkuyowa suna faɗa masa sunayen jikokinsu harafi harafi, Narelle na tsaye a kansa cikin doguwar riga mai faɗi tana cewa, "Kaka, gaya musu yadda ake yi a da." A gaban baƙi shi Kaka ne.

Wata Lahadi ya yi tari cikin farin hankicinsa, ya buɗe ya ga jini. Ya dunƙule da sauri, amma Narelle ta gani. Ran Laraba ta kawo masa sababbin hankici guda uku, duka ja.

"Irin na ma'aikatan da ne," ta ce. "Sun fi dacewa da shigar."

Mutum ɗaya ce a titin ta kasa haɗiye abin: Mavis, mai ɗakin shayin da ke tsallake, wadda suka yi makaranta tare da Beryl. Takan tsallako da miyar kabewa a kwano da kofin ruwa, ta yi kamar ta yi tuntuɓe ta sheƙa ruwan a kan dutsen.

"Af! Tsufa ya zo mini, hannu ba ya riƙo."

"Kin daɗe da tsufa, Mavis," ya ce, yana ƙoƙarin dariya.

"Rufe mini baki, tsohon banza. Ka ga leɓenka kuwa? Shuɗi ya yi kamar ka sha tawada."

Ran nan ta tare Glen a bakin kanti, ta kama hannun rigarsa.

"Kai Glen, ni na yi maka wanka kana jariri, don haka saurare ni. Ubanka kuke kashewa a ƙofar kanti, a gaban mutane."

"Haba Anti Mavis, shi fa yake so. Hana shi ki ga yadda zai yi. Aikin nan shi ne rayuwarsa."

"To a mayar masa da robarsa."

"Doka ce ta kwamiti, ba ni na kafa ba."

"Ni ma ina cikin kwamitin, kuma ba mu taɓa cewa a cire wa mara lafiya iska ba!"

Narelle ta leƙo daga ciki, muryarta a sanyaye. "To ki kai maganar taro mana, Mavis. Sai dai ki tuna direbobin nan saboda wa suke tsayawa a nan, ba su wuce gari na gaba ba. In babu tsoho a ƙofa, ban san wa zai sha miyarki ba."

Mavis ta saki hannun rigar Glen ta koma tsallake. Ba ta kai maganar taro ba. Ta ci gaba da zubar da kofin ruwanta, kofi ɗaya a rana, wanda kafin ta koma tsallake ya bushe. Haka titin yake gaba ɗaya: mai gidan burodi ya sani, mai sayar da ulu ta sani, limamin coci ya sani. Kowa zai wuce ya ɗaga hula ya ce, "Athol, jiki ya yi kyau!" ya ƙara sauri.

Bikin Tsohon Gari a watan Fabrairu ake yi, tsakiyar zafi ke nan a ƙasar. Tun asuba ake toshe bakin titi biyu da dammunan ciyawa, a kwashe duk motoci a kai filin ƙwallo can ƙarshen gari. Yini ake ana wasanni a titi: ɗan sandan ƙarya ya kama ɓarawon ƙarya, wata ta suma da gangan a gaban tsohon banki a yi mata fifita, jama'a su tafa. Alƙalan kwamiti kuma su bi kanti kanti, ciki da waje, su zaɓi wanda ya fi kama da na da.

Da safen ranar Athol ya tashi da ƙirji kamar an ɗora masa buhun siminti. Shayi ma ya kasa haɗiya. Narelle ta shigo da kayan biki, na ulu masu kauri, har da kwat.

"Yau kam ba zan iya ba, Narelle."

Ta tsaya da kayan a hannu. "Yau? Duk ranakun shekara sai yau? An buga hotonka a takardar biki, Athol. Mutane har daga birnin Melbourne suka taso." Ta ajiye kayan a bakin gado a hankali. "Shi ke nan, ba dole. In jikin ya kai haka, ai sai mu kira Desley ran Litinin mu yi abin da ya kamata. Ni ma na gaji da ɗaukar alhaki."

Ya dubi taga, ya dubi bishiyar. Ya miƙa hannu ya jawo wandon.

A ƙofar kanti an girke masa ƙaton dutse, ba falalen sunaye ba, wanda zai gyara wa fuska da babbar guduma da tsakar rana a gaban taro. Narelle ta zare robar kamar kullum, amma maimakon ta tura tukunyar ƙarƙashin tebur sai ta miƙa wa Glen.

"Alƙalai har ƙarƙashin tebur suke leƙawa. Sa ta a mota."

"Glen," Athol ya kira shi, muryar ba ta fita sosai. "Motar ai fili za ka kai."

"Minti biyar ne, Baba. In ka buƙata da gudu zan ɗauko." Ya saɓa tukunyar a kafaɗa ya wuce, bai waiwayo ba.

Rana ta ɗaga. Iska mai zafi ta taso daga arewa tana bin titin. Mavis tana can mutane sun cika mata ɗaki, ko leƙowa ba ta samu ta yi ba. Sha biyu na bugawa a agogon coci, Narelle ta kaɗa ƙararrawar hannu, taro ya kewaye shi, kowa ya ɗaga waya.

"Ku matso ku ga Kaka Triffitt, na ƙarshe cikin mutanen rami!"

Ya miƙe. Ya ɗaga gudumar ya sauke, ƙura ta tashi fara ta rufe masa fuska. Ko a haka hannunsa bai manta ba, saran ya faɗa daidai inda ya nufa, har wani abu mai kama da daɗi ya ɗan motsa masa a zuciya. Ya sake. Ya sake. A sara na bakwai ya ja numfashi bai zo ba. Ya sake ja, kamar mai zuƙar ruwa ta toshasshen kara. Ya ga fuskokin mutane suna nisa, ya ga bakin Narelle yana motsi. Ya nemi Glen da ido, ya hango shi can yana zuba wa wata baƙuwa kaya a jakar takarda. Sai ya zube a jikin dutsen, hular ta gangara.

Taron ya ɗauki tafi.

Sun ga mai suma a gaban banki da safe, sun ga ɓarawo ya faɗi an ɗaga shi, to wannan ma wasa ne, kuma ya fi sauran kyau. Athol yana kwance kuncinsa a kan daɓe, yana jin tafin ta cikin ƙasa. Wani mai ƙaton ciki ya sunkuyo da waya yana dariya.

"Kai, tsohon nan gwani ne! Abokina, ɗan sake faɗuwar, ban kama farkon ba."

Narelle ta san ba wasa ba ne. Athol ya ga ƙafafunta sun yi taku ɗaya sun tsaya, don ga alƙalai uku da allunansu a gaban taro suna murmushi suna rubutu. Nawa ne tsawon tsayuwar nan? Wataƙila ba ta kai minti ɗaya ba. Shi dai ya gan ta, kuma bai manta ba.

Ihun Mavis ne ya fasa taron. Ta ratso mutane da tire a hannu, ta watsar da shi.

"Ku ba shi wuri, marasa imani! Mutuwa yake yi! Glen, ina iskar? Ina iskar, ɗan banza?"

Glen ya ruga fili cikin takalmin da mai santsi, ya faɗi sau biyu a hanya. Minti biyar ɗinsa ta zama ashirin. Motar asibiti ta iso ta tarar da dammunan ciyawa, sai da aka taru aka janye mata.

Bai mutu ba. Mako biyar ya yi a asibiti a Hobart, ya fito rabin mutum, ko banɗaki sai an kai shi. Likitoci suka ce yana buƙatar mai kula dare da rana. Takardar firji ta zo asibiti a jakar Narelle, an riga an cike ta da kyakkyawan rubutu, sa hannu kawai ya rage.

"Mun yi iya ƙoƙarinmu," ta gaya wa likita tana share ido. "Mun hana shi, mun hana shi, amma ka san tsofaffi da taurin kai."

Abu ɗaya Athol ya roƙa: a kai shi Ellesby ya ga ɗakinsa kafin a wuce da shi. Glen ya yarda, ya ɗauko shi wata Asabar, tukunyar iska a tsakanin ƙafafunsa. Da suka shiga lungu Glen bai kashe mota ba. A ƙofar gidan an kafa sabon allo: Gidan Mai Sassaƙa, Masaukin Baƙi. An sauya labulen tagarsa, wasu takalman yawo guda biyu suna shan iska a kan dakali.

"Akwai mutane a ciki har Litinin, Baba. Ba daɗi mu shiga musu. Kayanka suna but ɗin mota, Narelle ta haɗa komai."

Athol ya gyaɗa kai. Ba shi da iskar da zai yi gardama da ita.

Suka fito Babban Titi a hankali saboda baƙi. Motar Hobart ta iso, mutane sun taru a ƙofar kanti suna ɗaukar hoto. Ta tsakanin kafaɗunsu ya hango wani zaune a kan kututturensa, da falmaran ɗinsa, da hularsa, da jan hankici a wuya. Mutum-mutumin tallan kaya ne aka manna wa farin gemu. A saman ƙofa ga shuɗin ƙyallen lambar yabo ta bikin bana yana kaɗawa.

"Ka gani, Baba? Ba a manta da kai ba. Kowa sai ya tambaye ka."

"Gudumata ce a hannunsa."

"Ita ce."

"Ta ubana ce, Glen. Ɗauko mini."

Glen ya sosa ƙeya. "Da gam aka manne ta. In an ɓamɓare, hannun zai karye."

Wata mata ta matsa gefe, sai Athol ya ga abin da ke ƙasa kusa da ƙafar gunkin. Bokitinsa ne, tsohon bokitin ƙarfe mai lanƙwasasshen hannu, cike taf da ruwa, ga soso yana yawo a kai. An wanke shi har yana ƙyalli.

Ya nuna da yatsa.

"Af, wannan?" in ji Glen. "Alƙalai ne suka ce a sa, shi kaɗai ya rage mana a shirin. Wai mutanen da ba sa saran dutse sai da ruwa a gefe."

Athol ya daɗe yana kallon bokitin. Daga tsallake Mavis ta fito bakin ƙofarta da kofi a hannu, ta gane motar, ta tsaya cak ba ta ɗaga hannu ba. Ya gyara robar a hancinsa, ya ja numfashi iya wanda ƙirjin ya yarda ya karɓa.

"Ja motar," ya ce.